Idan attaruhu ya yi yawa a gida: Shanya kaɗai ba ta isa ba

Tsadar kayan miya da aka sha a shekarar 2024, lokacin da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, ta mayar da ma'aikata da dama manoman dole. Likita da lauya da malamin jami'a, kowa ya nemi buhunan siminti da tsofaffin bokitai ya cika da ƙasa da taki, ya jera a bayan ɗaki, ya dasa attaruhu da tattasai da shambo. Abin da masu ba da wannan shawara ba su faɗa ba shi ne, barkono bai san daidai-wa-daida ba. Zai yi wata biyu ko uku yana ja maka rai, ba ka ganin komai sai ganye da fure, sannan a wayi gari tushe goma sun nuna a lokaci ɗaya. Makon farko a yi wa maƙwabta kyauta cikin alfahari. Mako na biyu a aika wa surukai. Kafin mako na uku na maƙwabtan ma ya nuna, sai a bar shi a faranti a kan firjin da ba wuta, ya yi laushi, ya fara ruwa, a kwashe a kai bola. Bayan wata huɗu kuma mai gidan nan ne dai a gaban mai kayan miya yana jayayya a kan ƙwaya biyar. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramar magana ce, ba ta kai a ɓata mata shafi ba. To amma abin da ke faruwa a bayan ɗakin ma'aikaci shi ne dai yake faruwa a gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ke shayar da dubban kadada, da kuma kwarin Haɗeja da Ɗanja da Gashuwa. Daga watan Janairu zuwa Maris kaya kan yi yawa har kuɗin mota ya fi kuɗin abin da ke cikin buhu. Wanda ya manta, ya tuna ƙarshen watan Fabrairu na 2021, lokacin da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki. A Legas kayan miya suka yi tashin gwauron zabo, a nan Arewa kuwa suka zube a kasuwa ana neman mai saye ko da a wulaƙance. Kwanaki kaɗan ne, amma sun nuna cewa arzikin manomin barkono yana rataye ne a tayar mota. Duk lokacin da aka tayar da wannan magana, amsar da muke ji ɗaya ce: gwamnati ta gina masana'anta. An kuwa gwada. Kamfanin sarrafa tumatir na Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, wanda aka tsara don ya riƙa laƙume tan 1,200 a kullum, bai daɗe da fara aiki ba tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, ya tsaya, daga baya ma ya yi ta tashi yana tsayawa saboda rashin isasshen kaya. Ba ina cewa masana'anta ba ta da amfani ba ne. Abin da nake cewa shi ne, akwai wani mataki da ke ƙasa da masana'anta, wanda ake yi a madafi da tukunya da kwalba, kuma mun tsallake shi.

Gaskiya ne kakanninmu ba su zauna haka nan ba. Barkono kansa baƙo ne a ƙasar Hausa, domin asalinsa daga nahiyar Amurka yake, Turawan Fotugal ne suka yaɗa shi a gaɓar Afirka bayan 1492, ya iske masoro da kimba da citta suna riƙe da tukunya. Amma da ya zo, sai muka karɓe shi da dabarar da muka fi gwaninta a kanta, wato shanya. Mu ne masu kauɗa da busasshiyar kuɓewa da kuka da kilishi. Busasshen tattasai na Diffa, wanda ake nomawa a bakin kogin Komadugu Yobe, ya riƙe tattalin arzikin yankin baki ɗaya, shi ya sa da gwamnatin Nijar ta hana cinikinsa a 2015 saboda matsalar tsaro, jama'ar wurin suka ji jiki ƙwarai kafin a ɗage hanin a 2017. Saboda haka ba raina shanya nake yi ba.

Sai dai shanya tana da iyaka. Na farko, tana buƙatar rana da busasshiyar iska, alhali barkonon gida galibi da damina ake dasa shi, ya nuna a watan Agusta da Satumba, lokacin da ko wanki kan yi kwana biyu bai bushe ba. Na biyu, attaruhu da tattasai masu kaurin tsoka ne, ba kamar ƙaramin barkono ba, idan ba su bushe da wuri ba sai cikinsu ya yi funfuna alhali bayansu jawur. Wata funfunar kuwa tana haifar da gubar da ake kira afilatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya da rani ya ga yadda ake baza kayan miya a gefen kwalta, ƙura na sauka, hayaƙin mota na bi, awaki na ratsawa. Na uku, akwai abin da shanya ke tafiya da shi. Ɗanyen barkono yana cikin kayan lambu mafi yawan sinadarin bitamin C. Bilhasali daga jan barkonon ƙasar Hungari ne masani Albert Szent-Györgyi ya tace wannan sinadari da yawa, aikin da ke cikin dalilan ba shi kyautar Nobel a 1937. Rana da iska suna cinye kaso mai yawa na wannan sinadari, kamar yadda suke tafiya da ƙamshin nan na ɗanyen attaruhu da ke tashi idan an jajjaga shi.

Hanyoyi biyu nake son in gabatar, waɗanda wasu al'ummai suka daɗe suna bi, mu kuma muke saye a kanti da tsada: tsima barkono cikin ruwan gishiri ko ruwan khal, da kuma dafa shi da sukari ya zama jam. Alhazanmu sun san na farkon, domin shi ne ɗan tsamin nan na karas da kokwamba da barkono da ake haɗowa da shinkafa ko gasasshiyar kaza a Makka da Madina. Ni tsimammen barkono nake ce masa, kodayake na san kalmar tsimi tana sa wasu murmushi saboda wata ma'anar da take da ita a wajen mata.

Mafi arha shi ne na gishiri, kuma ilminsa ba baƙo ba ne a wurinmu. Ƙwayoyin halittar da ke mayar da madara kindirmo, su kuma sa gasara ta yi tsami, danginsu ne ke zaune a jikin barkono. Idan aka yanka barkono kilo ɗaya aka cuɗa shi da gishiri giram 25 zuwa 30, aka danna a kwalba har ruwansa ya taso ya rufe shi, gishirin zai hana ƙwayoyin ruɓa sakat, su kuwa masu kawo tsami su ci gaba da aikinsu. Idan ruwan bai taso ba, sai a ƙara ruwan gishiri mai irin wannan ƙarfi, wato giram 30 a lita ɗaya. Sharaɗin kawai shi ne kada barkonon ya leƙo saman ruwa, don haka sai a danne shi da ƙaramar leda mai tsabta da aka ɗaure ruwa a ciki. Kada kuma a ɗaure murfin tamau, domin iska na taruwa, a riƙa sassauta shi kullum. A zafi irin namu, cikin mako ɗaya zuwa biyu kumfa zai lafa, ɗanɗano ya juya zuwa tsami mai daɗi. Daga nan sai a markaɗa shi da ruwan khal a ɗura a ƙananan kwalabe. Wanda yake ganin wannan wasan yara ne, ya ɗauki kwalbar Tabasco a babban kanti a Kano ko Abuja ya karanta abin da ke ciki: barkono da gishiri da khal, ba ƙari. Wani mutum mai suna Edmund McIlhenny ne ya fara yin sa a jihar Luwiziyana ta Amurka a 1868, kuma har yau tsima markaɗaɗɗen barkonon ake yi da gishiri a ganga, har tsawon shekara uku, kafin a gauraya shi da khal. Mu da muke noma barkonon da ya fi nasu ƙamshi, mu ne ke biyan kuɗin jirgi a kawo mana 'yar kwalbar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

Na ruwan khal ya fi sauri. Ana buƙatar khal ɗin da aka rubuta kashi 5 cikin ɗari a jikin kwalbarsa, a duba da kyau, domin ba kowanne ne ya kai haka ba. Awon da hukumar aikin gona ta Amurka ta gwada ta amince da shi ga barkono shi ne kofi biyar na khal a kofi ɗaya na ruwa, da gishiri ƙaramin cokali huɗu, da ɗan sukari. A wanke barkonon, a tsaga kowace ƙwaya don ruwan ya shiga cikinta, a jera a kwalbar da aka tafasa, a kwarara ruwan khal ɗin yana da zafi har ya rufe shi, a bar ɗan sarari kamar faɗin yatsa a sama, a rufe. Sannan a jera kwalaben a babbar tukunya da aka shimfiɗa wa tsumma a ƙasa, ruwa ya sha kansu, a tafasa. A bakin teku minti goma ya isa. Amma garuruwanmu a kan tudu suke, Kano ta kusa mita 500 sama da teku, Jos ta kai 1,200, kuma iya tsawon wuri iya raguwar zafin da ruwa ke tafasa a kansa, don haka a Kano da Zariya da Kaduna da Jos minti goma sha biyar ake so.

A nan ne nake son mai karatu, musamman iyayenmu mata da ƙannenmu masu koyar da girki, su ba ni aron hankalinsu, domin magana ce ta rai. Barkono ba shi da tsami na kansa. Masana suna da ma'aunin tsami da suke kira pH, iya ƙanƙantar lambar iya ƙarfin tsamin, kuma iyakar da aka sa ita ce 4.6. Abincin da lambarsa ta haura haka, idan aka rufe shi inda iska ba ta shiga, ya zama ɗakin kwanan wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum, wadda ke cikin ƙasar da muke nomawa. Irin wannan ƙwaya ba ya mutuwa da tafasa ta yau da kullum, sai zafi ya kai digiri 121, wanda tukunyar gida ba ta kaiwa. Gubar da take fitarwa tana cikin mafi muni da aka sani a duniya, sau da yawa kuma ba ta sauya wari ko launin abinci. Alamominta kan fara cikin awa 12 zuwa 36: mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta saki, haɗiya ta gagara, daga nan shanyewar ta gangara zuwa numfashi. A 1977, a garin Pontiac na jihar Mishigan a Amurka, mutum 59 suka kamu da wannan cuta a wani gidan abinci, sanadin miyar yaji da aka yi da barkonon da aka rufe a kwalba a gida ba bisa ƙa'ida ba.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne, a 'yan shekarun nan wata dabara ta yaɗu a gidajenmu: a markaɗa tumatir da attaruhu da tattasai da albasa, a dafa ya ƙafe, a ɗura a kwalbar mayonis, a kwarara mai a sama, a dafa kwalbar, a ajiye wata shida ba firji. Niyyar mai kyau ce. Amma shi tumatir tsaminsa a bakin iyaka yake, da an haɗa shi da barkono da albasa sai ya ƙara raguwa. Uwa-uba kuma, al'adarmu ce a jefa 'yar kanwa ko bakin soda a kayan miya don a kashe tsami. A tukunyar da za a ci yau, babu laifi. A kwalbar da za a ajiye kuwa, wannan tsamin da ake kashewa shi ne mai gadin. Abin da ya daɗe yana rufa mana asiri, a ganina, shi ne yadda muke dafa miya ta daɗe tana tafasa, domin ita gubar, saɓanin irin ƙwayar, tafasar minti goma tana lalata ta. To amma tsimammen barkono da jam ba a sake dafa su, daga kwalba sai baki. Saboda haka a nan babu sassauci: kanwa ba ta shiga, ba a rage khal don a ji daɗin baki, ba a kuma zuba ɗanyen barkono ko tafarnuwa cikin mai a ajiye a kan kanta. Wanda yake da niyyar sayarwa, ya nemi ɗan na'urar awon pH, ba ta kai kuɗin cika tankin mota ba.

Sai maganar jam, wadda na san za ta fi fuskantar turjiya. Duk wanda na yi wa zancen barkono da sukari sai ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai ƙaƙale ne na Turawa. Ni kuwa sai in tambaye shi abin da ake sa wa fura in ana dakanta. Barkono ne da citta da kanumfari da masoro, sannan a dama da nono a zuba sukari a sha, ba wanda ya ce an yi bidi'a. Kunun tsamiya ma haka, kwaɗon zogale ma akwai masu barbaɗa masa sukari a kan yajin ƙuli. Harshenmu ya san zaƙi da yaji da tsami a haɗe, sunan ne kawai sabo.

Yadda nake yin nawa shi ne, tattasai ja kilo ɗaya, attaruhu giram 100 ko ƙasa da haka, sukari giram 800, ruwan khal rabin lita, ruwan lemun tsami guda uku, da ɗan gishiri da citta. Tattasai ne ke ba da jiki da launi, attaruhu ya ba da ƙamshi da zafi. A kula da awon attaruhun, domin a ma'aunin zafin barkono da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, danginsa kan kai daga 100,000 zuwa 350,000, alhali barkonon da Turawa ke kira mai zafi a girkinsu sau da yawa ba ya wuce 8,000. Zafin kuma ba a cikin 'ya'yan yake ba kamar yadda aka ɗauka, yana cikin farar jijiyar da 'ya'yan ke manne da ita, don haka mai son sauƙi sai ya kankare ta. A sa safar hannu ko leda, a buɗe tagogi, a fitar da yara da masu asma daga madafin, domin tururin khal da attaruhu ba ya jin magiya. Idan hannu ya ɗauki zafi, mai ko madara ne ke cire shi, ruwa yaɗa shi yake yi.

A jajjaga kayan, kada a markaɗa su lilis, a zuba a tukunyar silba mai faɗi. Tukunyar dalma irin ta ƙira ba ta dace ba, tsami yana cin ta ya ɓata ɗanɗano. A narkar da sukarin a wuta kaɗan, sannan a ƙara wuta a yi ta juyawa. Matsalar barkono ita ce ba shi da yawan sinadarin da ke sa jam ya kama jikinsa, wanda ake kira fektin. A Turai ana sayar da sukarin da aka riga aka haɗa da shi. A nan kuwa muna da abin da ya wadatar: 'ya'yan lemun tsami da farin ɓawonsa na ciki, a ƙulle a ɗan farin ƙyalle a jefa cikin tukunyar, ko gwaibar da ba ta gama nuna ba, ko tafin hannu ɗaya na zoɓo, wanda ke ƙara tsami da ja. Littattafai za su ce jam yana kamawa a digiri 104 zuwa 105, amma wannan lissafin bakin teku ne. Gwajin da ya fi shi ne a ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi, a jira minti ɗaya, a tura da yatsa; idan samansa ya tattare, ya yi. A ɗura da zafinsa a ƙananan kwalabe, a tafasa su kamar yadda aka yi wa na khal. Na ce ƙanana ne saboda da zarar an buɗe kwalba sai firji, mu kuwa mun san halin wutarmu. Gara wadda za a cinye cikin mako guda. Da gasasshen nama da awara da soyayyar doya da gurasa, har da masa, ban ga wanda ya ɗanɗana ya ture ba.

Ban ɓoye cewa jam na cin sukari ba, sukari kuwa ba arha, sannan masu ciwon sukari sun yi yawa a cikinmu, musamman mu masu zaman ofis. Cokali ɗaya ake ci, ba a sha kamar koko, amma duk da haka idan za a tambaye ni wanda ya kamata a fara koya wa matan karkara da ke kusa da gonakin rani, na gishiri zan ce, domin jarinsa gishiri ne da kwalba. Jam na kasuwar birni ne, inda ake da masu sayen abu don marmari.

Kasuwar kuwa akwai ta. 'Yan uwanmu na Zangon Kumasi da Nima a Ankara sun san shito, baƙin yajin nan na Gana da ake soyawa da busasshen kifi, wanda ɗalibai ke tafiya da shi makarantun kwana, ake kuma fitar da shi Ingila da Amurka a kwalba. Harissa ta Tunisiya, wadda ba komai ba ce illa markaɗaɗɗen barkono da tafarnuwa da kayan ƙamshi, hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a 2022. Mu ma muna da yajin ƙuli da na daddawa da na jego, amma duk busassu ne. Ɓangaren ɗanyen barkono mun bar wa wasu. Muna da cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, mai reshe a Bagauda, da cibiyar binciken adana amfanin gona, NSPRI, mai ofis a Kano. Abin da nake roƙonsu bai fi takarda ɗaya da Hausa ba, mai ɗauke da awon gishiri da khal da mintocin tafasa da aka gwada a kan attaruhunmu da tattasanmu, a raba wa cibiyoyin koyar da mata sana'a da malaman girki na sakandare da gidajen rediyo. Mai son kai kayansa kanti kuma dole ya bi ta NAFDAC ya yi rajista, wannan ba abin gudu ba ne.

Kafin nan, wanda yake da tushe goma a bayan ɗaki ya fara tara kwalabe tun barkonon yana fure, ya nemi murafun da ba su yi tsatsa ba, domin kwalba takan yi shekaru amma murfi ba ya jure khal sau da yawa. A rubuta ranar da aka yi a jikin kowace kwalba, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi, a cinye kafin shekara ta zagayo. Wadda duk aka ga murfinta ya kumbura, ko ta yi tsartuwa da aka buɗe alhali an tafasa ta, ko ruwanta ya yi yauƙi, kada a ɗanɗana don a gwada, kada kuma a zuba wa kaji. A haƙa rami a binne.